Sunan Ɗan Haya Yana Littafin Mai Gona

Duk wanda ya taɓa zama domin bin salsalar gidansu ta hanyar takardu ya san cewa takarda ta fi son mai abin hannu. Mutumin da ya mallaki gona yakan bar sawu ta ko'ina, domin akwai takardar saye, akwai ta jingina idan ya ci bashi a kan gonar, akwai wasiyya, akwai kuma shari'ar rabon gado idan magada suka kasa daidaitawa, kuma kowace daga cikinsu tana ɗauke da sunaye da kwanan wata da iyakokin fili. Shi kuwa wanda ya shafe shekara arba'in yana noma gonar wani yana biyan haya, sai ya mutu a binne shi sunansa bai taɓa shiga rajistar filaye ba. A nan ne jikokinsa sukan sare, su ce kakan nasu ya ɓace a tarihi, ko kuma su yi abin da ya fi haka muni, wato su tarar da wani mai irin sunansa a takardar mallaka su rungume shi a matsayin nasu.

Ni a ganina manomi ɗan haya bai ɓace ba. An rubuta shi, wani lokaci ma fiye da yadda aka rubuta ƙaramin mai gona, sai dai an rubuta shi ne a littafin wanda yake bin sa kuɗi, kuma wannan littafi har yau ba ya hannun zuriyarsa. Saboda haka maganar ta wuce dabarar bincike, ta shiga batun haƙƙi. Su wa ke riƙe da waɗannan littattafai, kuma da wace hujja za a ci gaba da kulle su, ko a tsara su da sunan mai ƙasa kaɗai, alhali galibin sunayen da ke ciki na 'yan haya ne?

Ya kamata a fara sanin yawan mutanen da ake magana a kansu, don kada a ɗauka wasu 'yan tsiraru ne. Lokacin da gwamnatin Birtaniya ta tattara sunayen masu filaye a shekarun 1870, an gano cewa kimanin mutum 7,000 ne ke riƙe da kashi huɗu cikin biyar na ƙasar. A Ayalan, a shekarar 1870, kusan kashi 3 cikin 100 na manoma ne kawai suka mallaki gonar da suke nomawa. Ko a Amurka, wadda ta yi suna da raba fili ga masu son noma tun dokar 1862, ƙidayar 1880 ta nuna cewa gona ɗaya cikin huɗu ɗan haya ne ke noma ta, kuma zuwa 1930 adadin ya kai kashi 42 cikin 100. A Bengal ta ƙasar Indiya, tsarin da Lord Cornwallis ya kafa a 1793 ya mayar da masu karɓar haraji masu mallakar ƙasa, ya bar miliyoyin manoma a ƙarƙashinsu suna biyan haya. Wanda duk ya fito daga zuriyar manoma a irin waɗannan ƙasashe, kada ya yi mamaki idan ya nemi takardar mallakar kakansa ya rasa.

Tambayar da ta kamata mai bincike ya fara yi ita ce, gonar wa kakan nawa ya noma? Da zarar an san mai ƙasar, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa, domin mai bin bashi ba ya mantuwa. Manyan masu ƙasa suna da wakilai, kuma aikin wakili shi ne ya riƙe littafin haya. Shafin irin wannan littafi abin kallo ne a tsanake. Daga hagu akwai sunan ɗan haya da sunan yankin da gonar take, sannan yawan eka, sannan hayar rabin shekara, sannan bashin da ya biyo baya, sannan abin da aka karɓa da abin da ya rage. Can ƙarshen dama akwai wani siririn gurbi da aka bari domin bayani, kuma shi ne wanda mai neman asali zai fi daɗewa a kansa, saboda a nan ne wakili yakan rubuta cewa wane ya rasu matarsa ta ci gaba da riƙon gonar, ko ɗansa ya tafi Amurka, ko an rage masa haya don ya haƙa magudanar ruwa, ko an ba shi takardar tashi. A Ayalan ana biyan haya sau biyu a shekara, a wurare da yawa ranar 1 ga Mayu da ranar 1 ga Nuwamba. Idan aka ga suna a biyan Mayu, aka zo na Nuwamba an ja masa layi an rubuta wani mai sunan gida ɗaya a samansa, to, an sami lokacin rasuwar uba da sunan magajinsa a tsakanin wata shida, abin da wani lokaci ko dutsen kabari ba ya bayarwa.

Akwai kuma wata irin yarjejeniyar haya da aka daɗe ana yi a Ayalan da yammacin Ingila, wadda ba a ƙayyade ta da shekaru, ana ɗaure ta ne da rayuwar mutum uku da za a ambata a takarda, kuma hayar tana nan daram muddin ɗaya daga cikinsu yana numfashi. Manomi mai wayo yakan sa sunayen ƙananan 'ya'yansa, sau da yawa har da shekarunsu, domin yarjejeniyar ta yi tsawon rai. Wasu ma sukan sa sunan wani ɗan gidan sarauta, saboda mutuwarsa ba za ta ɓoyu ba, kuma babu wanda zai yi gardama a kanta. Takarda guda ta irin wannan tana iya haɗa uba da 'ya'ya da jika a shafi ɗaya.

Na daɗe a kan Ayalan ne saboda can ne aka fi ganin darajar waɗannan littattafai, kuma masifa ce ta jawo haka. A ranar 30 ga Yuni, 1922, a farkon yaƙin basasa, ma'adanar takardun gwamnati da ke Dublin ta ƙone, ƙidayar 1821 zuwa 1851 ta tafi in ban da ɗan abin da ya tsira, ga shi kuma tun kafin nan gwamnati da kanta ta lalata ƙidayar 1861 zuwa 1891. Da aka rasa ƙidaya, sai masu bincike suka koma ga takardun haraji. Tsakanin 1847 da 1864 an ƙiyasta darajar kowace gona da kowane gida a ƙasar ƙarƙashin jagorancin Richard Griffith, kuma kundin da aka buga ya kawo sunan wanda ke zaune a fili, da sunan wanda ya ba shi haya, da girman filin. Inda aka sami mutum biyu masu suna ɗaya a ƙauye ɗaya, ma'aikata sukan ƙara sunan uba ko laƙabi ko sana'a domin a bambanta su. Daga baya an riƙa sabunta kundin da tawada mai launi dabam-dabam, kowane launi da shekararsa, ta yadda mutum zai iya bin gona guda daga hannu zuwa hannu. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan ma'aikata da ya yi niyyar adana tarihin talaka, haraji suke nema, amma haraji ba ya tsallake ɗan haya.

Sai dai akwai gargaɗin da bai kamata a yi wasa da shi ba. Wanda ya rubuta littafin haya ba ɗan uwan manomi ba ne, kuma ba alƙali ba ne. Idan wakili ya rubuta cewa wane malalaci ne ko mai taurin bashi, abin da muka sani tabbas shi ne wane bai biya ba a wannan shekara. Ba mu san ko amfanin gona ne ya lalace, ko hayar ce aka ɗaga, ko kuwa wakilin ne yake son ya raba shi da gonar ya ba wani. Jikan da ya karanta wannan kalma ya ɗauke ta a matsayin halin kakansa ya zalunce shi karo na biyu. Wajibi ne a karanta shafin tare da shekarar da aka rubuta shi. Bashin haya a Ayalan a 1847, a tsakiyar shekarun da dankali ya ruɓe yunwa ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya, ba shaida ba ce a kan halin kowa. Muryar ɗan haya da kansa ba ta cika fitowa ba, shi ya sa duk inda ta fito take da tsada, kamar a gaban hukumar Napier da ta zaga tsaunukan Sikotilan da tsibiranta a 1883 tana sauraron ƙananan manoma, aka kuma buga bayanansu da sunayensu.

A jihohin kudu na ƙasar Amurka lamarin ya fi wuya, domin can galibin yarjejeniyar da baki ake yin ta, kuma ta shekara ɗaya ce. Bayan an 'yanta bayi a 1865, tsarin noman raba amfani ya mamaye yankin auduga. Mai ƙasa yakan ba da gona da alfadari da garma da iri, ya ɗauki rabin abin da aka girbe. Wanda yake da alfadarinsa da kayan aikinsa yakan ba da kashi ɗaya cikin uku na masara da ɗaya cikin huɗu na auduga. A ƙarshen shekara ake yin lissafi, kuma littafin lissafin yana hannun mai ƙasa ko mai kanti, sannan iyalai da yawa, baƙar fata da farar fata, sukan ɗaure kaya su koma wata gonar kafin sabuwar shuka. Mutumin da ke sauya gona duk bayan shekara biyu ko uku, ta ina za a kama shi?

Bashi ne yake kama shi. Manomin da ba shi da fili ba shi da abin jinginarwa sai amfanin gonar da bai riga ya shuka ba, da dabbarsa, da 'yan kayan aikinsa, kuma mai ba da bashi yakan kai takardar jinginar kotun gunduma a rubuta ta domin ta tsaya a gaban shari'a. A cikin waɗannan kundaye, waɗanda ba kowa ke buɗe su ba saboda ba na filaye ba ne, ana samun sunan ɗan haya, da sunan mai gonar da yake nomawa a wannan shekara, da bayanin alfadarinsa har launinsa da shekarunsa. Akwai kuma takardun aikin gona da hukumar kula da 'yantattun bayi ta shaida tsakanin 1865 da 1872, waɗanda sukan jera miji da mata da yara. Ita ma ƙidaya tana da amfanin da ba a cika lura da shi ba, domin mai ƙidaya gida-gida yake bi, saboda haka mai gonar da ya fi kusa da sunan ɗan haya a shafi, sau da yawa shi ne mai ƙasarsa. A 1880 ne takardar ƙidayar gonaki ta fara tambayar ko manomi mai gona ne, ko mai biyan haya da kuɗi, ko mai biya da kason amfani. Abin takaici, ƙidayar 1890 ta ƙone a gobarar 1921, takardun gonaki na 1900 da 1910 kuwa an lalata su da izinin hukuma, kuma waɗannan su ne shekarun da haya take ta yaɗuwa.

Ko da an bi duk waɗannan hanyoyi, akwai waɗanda ba za su fito ba. Littafin haya sunan mai biya ɗaya yake ɗauka, saboda haka mace ba ta bayyana sai ta zama gwauruwa. Wanda ya karɓi ɗan yanki daga hannun ɗan haya, ko ɗan ƙwadagon da aka ba bukka da ɗan fili a bakin aikinsa, mai ƙasa bai ma san da zamansa ba, ko ya sani bai ga dalilin ɓata tawada ba. Gwargwadon talaucin mutum, gwargwadon nisansa da alƙalami.

Yanzu ga abin da ya shafi jama'a baki ɗaya. Takardun manyan gidajen masu ƙasa dukiya ce ta masu su a idon doka. Wasu sun miƙa nasu ga ma'adanar gwamnati ko jami'a, wasu suna nan a ɗakunan ajiya na gidaje da ofisoshin lauyoyi, wasu an sayar da su a gwanjo, wasu kuwa danshi da ɓera sun gama da su. Waɗanda suka isa ma'adana ma, akasari an tsara su ne da sunan gidan da ya ba da su. Mai neman kakansa zai tarar da fihirisa tana cewa akwai akwati kaza na littattafan haya na gidan wane daga shekara kaza zuwa kaza, amma babu sunan ɗan haya ko ɗaya. Idan bai riga ya san mai ƙasar ba, sai ya wuce akwatin da kakansa yake ciki bai sani ba.

Ba gidaje masu zaman kansu kaɗai ke da wannan laifi ba. Hukumar filaye ta Ayalan, wadda aka kafa a 1881, ita ce ta yanke hayar adalci ga manoma, ita ce kuma ta kula da mayar da gonaki hannun 'yan haya, musamman bayan dokar 1903. An rushe ta a 1999, kuma tarin takardunta, waɗanda ke ɗauke da tarihin kusan kowace gona da ta sauya hannu, suna ajiye a garin Portlaoise, inda masana tarihi suka shafe shekaru suna kokawa cewa ba a buɗe su ga masu bincike ba. Ƙasar da ta rasa ƙidayarta a wuta, ina dalilin da za ta kulle abin da ya rage mata?

Masu kare wannan hali suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba. Suna cewa wasu takardun har yanzu ana aiki da su wajen tabbatar da mallaka, kuma akwai bayanan da za su iya tayar da tsohuwar gaba tsakanin maƙwabta, musamman inda aka kori wani iyali aka ba wani gonar. Suna cewa tsara miliyoyin takardu aiki ne mai cin kuɗi. Masu gidaje kuma suna cewa kakanninsu ne suka sayi takarda da tawada suka biya wakili. Na yarda a sa wa'adi, kamar yadda Birtaniya ke rufe ƙidaya shekara 100, Amurka kuma shekara 72. Amma takardar da ta haura ƙarni ba ta da sauran sirrin da zai cuci rayayye fiye da yadda ɓoye ta yake cutar da shi. Maganar wanda ya sayi tawada kuwa, kuɗin tawadar daga hayar ya fito. Littafin da mutum ɗaya ya rubuta a kan mutum dubu, ba daidai ba ne a ce zuriyar mutum ɗayan ce kaɗai take da ta cewa a kansa.

Kuma ba abu ne da ba a taɓa yi ba. A Ingila, tun shekarun 1920 doka ta sa takardun tsofaffin kotunan masu ƙasa ƙarƙashin kulawar hukuma, ana riƙe da rajistar inda kowace take, ko da tana hannun mai ita. A Birtaniya kuma akwai tsarin da magada za su iya miƙa tarin takardu masu daraja ga gwamnati a madadin harajin gado. Batun kuɗin fihirisa ma an ga maganinsa: a 2015 aka ƙaddamar da aikin sa-kai na fitar da sunaye daga takardun hukumar 'yantattun bayi ta Amurka, kuma cikin kusan shekara ɗaya dubban mutane, kowa daga kwamfutarsa, suka fitar da sunaye kusan miliyan 1.8. Abin da ake buƙata daga ma'adana shi ne ta ɗauki hoton shafukan ta saka a intanet. Masu karantawa suna nan da yawa, domin kowa kakansa yake nema.

Wani ɓangare na laifin kuma namu ne, mu jikoki. Iyalai da yawa suna gyara labari yana saukowa, sai gonar haya ta zama gonar gado a bakin jika na uku, sai kora ta zama ƙaura don neman arziki. Ba na zargin tsofaffin da suka yi haka, domin sun san zafin abin, kuma ba kowa ke son ya bar wa 'ya'yansa labarin ranar da aka fitar da kayansu waje ba. Amma mu da ke da takardu a gabanmu ba mu da wannan uzuri, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Wanda ya dage sai ya samo mai gona a salsalarsa yakan ƙare da kakan wani. Ya kuma yi asarar labarin da ya fi ban sha'awa, domin littafin haya yana nuna abin da takardar mallaka ba ta nunawa: shekarar da aka biya cif, shekarar da aka gaza, shekarar da aka ƙaro eka biyu, da shekarar da aka haƙura aka tashi.

Matsalar ma ba ta tsaya a kan matattu ba. A yau ɗin nan, a ƙasashe da yawa, ana ba da gona haya da baki, kuma mai gona yakan guji rubutu da gangan don gudun kada ɗan haya ya sami abin riƙewa a kotu. Jihar Bengal ta Yamma ta gwada akasin haka tun daga 1978, lokacin da jami'ai suka riƙa shiga ƙauyuka suna rubuta sunayen masu noman raba amfani a bainar jama'a, har aka yi wa sama da mutum miliyan ɗaya rajista. Manufar ita ce a hana kora a kuma tabbatar wa manomi kasonsa, kuma haƙƙin noman ya zama abin gado. Jikokin waɗannan manoma za su tarar da sunan kakansu a rajistar gwamnati tare da lambar gonar da ya noma, ba sai sun je neman izini a gidan wanda ya karɓi hayarsa ba.